Laminu Yana Kabari, Wani Yana Amsa Waya da Sunansa

Shekara shida ke nan da muka raka Laminu makwancinsa a nan Dubai, kuma a bana ne na ji wata baiwar Allah ta tsine masa a gabana. Ban taɓa zaton zan rayu in ji haka ba. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ajiye abin da ke hannuna, in zauna.

Sunana Iliya, daga kudancin Kaduna nake, sana'ata gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Laminu mutumin Damagaram ne, ɗan kago. Shi yake tattara kayan da 'yan kasuwarmu suka saro a lungunan kasuwar Naif, takalma da jakunkuna da atamfofi, ya ɗaure, ya tura musu gida. Mun daɗe a fulat ɗaya a Al Khabaisi, shi da dardumarsa, ni da Littafina. Yana kirana Pasto alhali ban taɓa yi wa kowa wa'azi ba, ni kuma ina kiransa Bafaranshe, don ba ya iya jera magana uku bai ce "bon" ko "dakor" ba. Mutum ne mai taurin kai, ga son gardama a kan shayi, amma ko allurar wani ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Wannan kowa a yankinmu na Deira ya sani.

Tun kafin sauran 'yan kago su farga ya sa aka buɗe wa kamfaninsa shafi a intanet. Duk abin da ke ciki shi ya rubuta da hannunsa, da Hausa da Faransanci: yadda ake ɗaure turare kada ya fashe a hanya, abin da kwastan ba sa bari ya wuce, inda baƙo zai sauka bai sha tsada ba. Har da wani dogon gargaɗi a kan masu yi wa mutane alkawarin biza da aiki, wanda ya rubuta cikin fushi bayan an cuci wani ɗan garinsu. A fuskar shafin akwai hotonsa cikin shuɗiyar shadda, ni na ɗauke shi a bakin ruwa inda jiragen katako suke lodi, a ƙasa an rubuta: "Ni ne Laminu, ku kira ni."

Da ciwo ya ɗauke shi, ƙanensa Mutari ne ya gaji ofishin da ke unguwar Port Saeed a nan Dubai. Mutari ya canza kujeru, ya canza mota, amma shafin nan bai taɓa ko waƙafi a ciki ba. Sai dai ya yi masa gata irin na zamani. Wani ya tallata masa wata manhaja da ke duba lafiyar shafi, ta faɗa maka ko injin bincike na intanet yana ganinka da kyau, wato ko kana fitowa a sama in mutane suka nemi irin sana'arka. Duk wata takan aiko masa da rahoto, da wani ƙaton tambari kore a sama, alamar komai lafiya. Yakan nuna mini yana murmushi ya ce, "Yaya Iliya, duba, shafin Yaya lafiya lau, masu shiga ma ƙaruwa suke." Ni ma in ji daɗi.

Ranar da abin ya faru ina kan tsani a ofishin ina wanke na'urarsu, da hantsi. Wata mata ta shigo tana jan akwati, idonta jajur. Daga baya muka san sunanta Rakiya, daga Maraɗi take. Ko sallama ba ta gama ba ta ce, "Ina Alhaji Laminu?"

Mutari ya miƙe ya ce, "Allah ya jiƙansa, Hajiya. Ai Yaya ya daɗe da rasuwa."

"Ya rasu? Mutumin da muka yi waya da shi kafin in hau jirgi? Ya ce zai tarye ni, na kwana a filin jirgi ban ga kowa ba! To ku ji, Allah ya tsine wa Laminu, Allah ya isa tsakanina da shi!"

Ban san lokacin da na diro daga tsanin ba. Na ce, "Baiwar Allah, ki iya bakinki! Kin san wanda kike zagi?" Sai ta miƙo mini wayarta. Hoton fuskar shafi ne da ta adana tun tana gida. Ga Laminu cikin shuɗiyar shaddarsa, ga sunan kamfanin, ga adireshin shafinmu a sama. A ƙasa an rubuta da Hausa tsaf: aikin kicin a babban otal, biza da masauki duk an tanada, a kira Alhaji Laminu. Lambar wayar ce kaɗai ba tamu ba. Matar nan ta sayar da keken ɗinkinta da awakin uwarta ta tura kuɗin, aka aiko mata da bizar ziyara kawai, babu aiki, babu kowa. Kaina ya ɗaure.

Mutari ya zauna a gaban kwamfuta ya shigar da adireshin nan daidai yadda yake a wayarta. Shafin ya buɗe lafiya lau, babu maganar otal, babu maganar biza. Ya sake, ya kuma sake. Har ya fara yi wa matar wani irin kallo. Ni kuwa na kalli ƙafafunta da suka kumbura na san ba ƙarya take yi ba.

Akwai wata 'yar cocinmu, Rifkatu, wadda aikinta ke nan a wani kamfani, duba shafuka da gyara su don injin bincike. Na roƙe ta, ta zo bayan an tashi daga sujada. Mutari ya nuna mata rahotannin nan masu kore, ta ja tsaki. Ta ce wannan manhajar a ƙofar gida take tsayawa. Shafukan da ka nuna mata kaɗai take dubawa, ta ga ko suna buɗewa da sauri, ko kanun rubutu sun zauna daidai, ko hotuna ba su yi nauyi ba, sai ta ba ka maki. Ba ƙarya take yi ba, abin da aka tambaye ta take amsawa. Sai Rifkatu ta kunna wata da ke bin shafi lungu-lungu. Ba ta tsaya nan ba, ta tambayi shi kansa injin binciken abin da ya ajiye a ƙarƙashin sunan shafinmu. Daga ƙarshe ta saita manhajar ta shiga kamar waya ce a hannun wani mutum a Nijar.

Innalillahi. Ni da ba Musulmi ba abin da ya fito daga bakina ke nan. Shafuka suka riƙa zubowa har na daina ƙirgawa. Aikin gadi, aikin direba, aikin reno, aikin asibiti, kowanne da fuskar Laminu a sama. Ɓarayi sun samu kafa ta tsohon ginin shafin da ba a taɓa sabuntawa ba, suka shiga suka yi ɗakunansu a ciki. Suka kuma shirya abin ta yadda wanda ya buɗe daga Dubai ba zai ga komai ba, sai wanda ya zo daga gida ta hanyar bincike. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bayanin Rifkatu na dalilin da ya sa suka zaɓe shi. Shekarun da ya yi yana rubuta gaskiya ne suka sa injin bincike ya amince da shafin, yake ɗaga shi sama. Wannan amincin suka hau. Ƙaruwar masu shiga da Mutari yake murna da ita, mutanen da ake yanka ne.

Na sha tambayar kaina, da Laminu zai ɗago ya ga wannan zamani, me zai ce? Ba ya ƙin na'ura, shi ne ma ya fi mu rawar kai a kanta. Na san da ya sayi manhajar, ya kuma yi mini burga da ita. Amma yana da wata ɗabi'a da nake yi masa dariya a kai. Can ba a rasa ba sai ya kira wani a Damagaram ko Kano ya ce, "Rubuta sunana a wayarka, ka karanta mini abin da ka gani." In na ce, "Bafaranshe, kai dai da son jin sunanka," sai ya ce, "Bon, Pasto, ni na san abin da ke shagona. Abin da mutumin gida yake gani nake son sani." A lokacin na ɗauka iyayi ne. Yau na ga mutane suna biyan kuɗi don na'ura ta yi musu wannan tambayar, wasu ma ba su san ana yin ta ba.

Shi ya sa nake ce wa 'yan uwana masu kago da masu shaguna, yanzu kowa yana da shafi, kuma kullum ana tallata mana manhajojin duba shi. Kada kyan rahoto ya ɗauke ku. Kafin ka zaɓa, ka tambaya daga ina take kallon shafinka, in abokan cinikinka suna Maraɗi ita kuma tana leƙowa daga Turai, ba abu ɗaya kuke gani ba. Ka tambaya ko tana iya nuna maka abin da ba kai ka sa ba. In abin da ta iya kawai shi ne ta yabe ka, to ka samu wani mutum mai ido ya riƙa dubawa tare da ita.

Rifkatu ta share ƙazantar, ta canza makullai, ta nemi injin binciken ya manta da shafukan ƙarya. Muka kai ƙara wurin hukuma. Matar Mutari ta ɗauki Rakiya zuwa gidansu, 'yan Nijar mazauna nan suka haɗu suka mayar da ita gida. Kafin ta tafi ta riƙe hannun matar Mutari tana kuka ta ce a yafe mata, ta kuma ce uwarta ma can tana nan tana yi wa Laminu Allah ya isa.

Amma Rifkatu ta ce aiki bai ƙare ba. Hotunan nan sun riga sun bazu a wayoyin mutane, ɓarayin suna da fuskarsa, gobe za su buɗe wani wuri. Abu ɗaya ne zai kashe musu kasuwa: a cire "ku kira ni" daga fuskar shafin, a rubuta ɓaro-ɓaro cewa Laminu ya rasu, ta yadda duk wanda ya nemi sunansa wannan zai fara gani.

Mutari ya ce a'a. Ya ce a yi komai ban da wannan. Na matsa masa, sai ya ce, "Yaya Iliya, nan ne kaɗai Yaya yake magana har yanzu. In na buɗe da safe sai in ji kamar ya fita Naif ne, zai dawo."

Raina ya ɓaci, tausayi kuma ya kama ni, duk a lokaci guda. Na ce, "Mutari, yayanka ya rasu. Ina tsaye aka sa shi a ƙasa. Muddin ka bar shi da rai a shafin nan, wani zai ci gaba da yin sata da bakinsa. Halas, magana ta ƙare, ka zaɓa."

Sai ya jawo kwamfutar, ya ce kada kowa ya taya shi. Da yatsa ɗaya ya rubuta, da Hausa da Faransanci, cewa Laminu ya riga mu gidan gaskiya, bai taɓa sayar da biza ba, duk wanda ya yi maka magana da sunansa maƙaryaci ne. Da ya gama ya shiga banɗaki ya rufe ƙofa. Kukan da bai yi ba ranar jana'iza muka jiyo.

Ba a daɗe ba wayar ofis ta fara ƙara. Ashe akwai mutane da yawa da ba su san ya rasu ba. Wata daga Zariya da ya taɓa nemo mata kayanta da suka ɓace, wani direba da ya kwana a falonmu lokacin da ba shi da wurin kwana. Wani dattijo ɗan kasuwa daga Agadas ya kira, ina wurin, Mutari ya buɗe murya muka ji tare. Ya ce an nuna masa hoton tallan ƙaryar nan a kasuwa, ya ce ashe Laminu ma ya lalace, ya goge lambarsa, ya kuma faɗa wa duk wanda ya sani kada a sake hulɗa da shi. Ya ce, "Ɗana, na yi wa mamaci mummunan zato, na kuma yaɗa. Yanzu wa zan roƙa gafara?"

Laminu bai bar gida a Dubai ba, bai bar dukiyar da za a yi faɗa a kanta ba. Suna ya bari, mai kyan da har ɓarayi suka ga ya isa a yi jari da shi. Yanzu Mutari yana zaune a ofis yana karɓar gaisuwar mutuwa kamar jiya aka yi ta, in na samu sarari nakan je in zauna kusa da shi. Waɗanda suka kira mun san sun ji. Waɗanda ke damuna su ne waɗanda ba za su taɓa kira ba, waɗanda ba su san hanyar Port Saeed ba, suna can a wani ƙauye suna ambaton sunansa da zafin rai bayan kowace salla. Ba mu san su ba, ba mu san yawansu ba. Mai karatu, in Allah ya haɗa ka da ɗaya daga cikinsu, don Allah ka zaunar da shi ka faɗa masa. Laminu bai ci kuɗinsa ba. Lokacin da wani ya yi waya da shi da wannan suna, Laminu yana kabari.