Ɗigon jan fenti a batirin Kawu

Ni fa ban taɓa zama garejin kowa ba. Duk abin da na iya a waya na gani, sai kuma abin da na kwance na ɓata. Shi ya sa ranar da Kawu, ƙanen innata, ya yarda in taɓa mashi motar kayanshi, ko kalaci ban tsaya yi ba.

Rufaffiyar mota ce, da ita yake kwaso masara daga Batagarawa. Batirinta ƙarƙashin kujera yake, kuma ƙarfen da yake zaune a kai ruwan batir ya cinye shi. In aka faɗa rami sai ka ji batir na tsalle. Kawu kuwa bai yarda da makanikai ba. Cewa yake kana juya baya sun musanya maka batir da mushe.

Na fara cire baƙar waya, sannan ja, yadda na gani. Na kai ruɓaɓɓen ƙarfen wurin mai waldar bakin layinmu a Gobarau, na bar mashi batirin ya auna. Da na amso, sai na ga farin gari ya daskare a jikin batirin. Na jiƙa kanwa a ruwan zafi, na sa soson ƙarfe na dirje shi tas. Na ɗaure komai, bugu ɗaya mota ta tashi.

Kawu ya dawo daga azahar, ya ɗaga kujera, ya daɗe yana kallo.

"Injiniya, batirin wa ke nan?"

"Naka ne, Kawu."

"Nawa yana da ɗigon jan fenti uku a gefe. Ban da kai, wa ya riƙe shi?"

Ina cewa mai walda, ya gyara hula ya miƙe layi. Mutumin nan dattijo ne, sahu ɗaya suke sallah, kuma na san in Kawu ya kira shi ɓarawo gaban mutane, shi ke nan. Sai na tuna jan da na gani a kumfa lokacin da nake dirzar batirin. Na wawuri soson na bi shi da gudu.

Na iske suna gaisawa.

"Alhaji, ya iyali? Ya hanya?"

"Lafiya lau," in ji Kawu, idonshi na bin ƙarƙashin tebur da bayan tukunyar gas.

Na ja shi gefe, na nuna mashi soson. "Ni na wanke alamar, wallahi. Ga janta nan."

Ya jujjuya shi, ya sunsuna. "Tsatsa ma ai ja ce."

"Alhaji, aikin bai yi ba ne?" mai walda ya tambaya.

Kawu ya kalle ni, ya kalle shi. "Ya yi, Malam. Gaisuwa ce kawai."

Amma soson bai maido mani ba. Leda ya roƙa wurin mai shago, ya ƙulle shi ya sa aljihu, wai zai nuna ma wani mai fenti a kasuwa.