Bencin Da Alƙali Bai Kalla Ba

Maigidana kafinta ne, mutumin Katsina, irin waɗanda kunya ta yi wa katutu. Ni a nan Njamena aka haife ni. Kakannina sun taso za su Makka a ƙafa, suka sauke kaya a nan don su huta, har yau hutawar muke yi. Na yi boko, ina jin Faransanci, amma a wurinsa amfanin karatuna bai wuce karanta masa takardar magani ba.

Shekarar da ya samu kwangilar gwamnati ta yin bencinan makaranta, da kansa ya je kasuwar Ngueli ya zaɓo jan katako, yana ƙwanƙwasa kowanne kamar mai sayen kankana. Da ya gama aiki masu dubawa suka zo, ko gilashin motarsu ba su sauke sosai ba, suka rubuta cewa katakon ruɓaɓɓe ne. Aka soke kwangila. Bencina suka dawo gidanmu na unguwar Habbena suka cike tsakar gida, sai mun tsallake su kafin mu kai banɗaki. Asarar ba ta ci masa rai kamar maganar ba, domin duk kasuwar katako an ji wai gwamnati ta kama shi da ha'inci. Abin da yake so kawai wani babba ya dubi katakon ya ce ƙarya aka yi masa.

Na ce, "Malam, ka rubuta musu ƙorafi. Su mutanen ofis, abin da ba ya kan takarda bai faru ba."

Ya ce, "Haba ke kuwa. Mutumin da nake shan shayinsa zan aika wa takarda? Ai zagi ne."

Mutumin shayin shi ne daraktan da ya soke kwangilar. Malam ya ɗauke shi kamar wani hakimi, ya kama zuwa gaisuwa. Ni nake goge masa babbar riga, ina goga ina mita. Zai je ya zauna, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, sai zai tashi ya ɗan taɓo zancen benci a kaikaice. Darakta ya dafa kafaɗarsa ya ce da Larabcin garin, "Ambakir, in sha Allah," wato gobe. Malam ya dawo yana murmushi, wai magana ta kusa. Haka damina ta shigo ta fita, ina rufe bencina da leda.

Da ya gaji ya yarda mu je kotu, amma sai ya zaɓi ta 'yan kasuwa, tunda a ganinsa ciniki aka yi. Can aka ce ba huruminsu ba ne, rigimar kwangila da gwamnati tana da nata alƙalan. Muka nemi lauya, muka shigar da ƙara inda aka nuna mana.

Ranar zama Malam ya zaɓi benci guda, ya shafe shi da mai, ya ɗaura a bayan babur, ni na hau ɗan acaɓa na bi shi. So yake alƙali ya zauna a kai, in ya ga dama ma ya yi tsalle. Masu gadi suka ce benci ya tsaya a waje.

Zaman bai kai tsawon sallar Azahar ba. Alƙali yana magana da Faransanci, ina fassara wa Malam a kunne. Ya ce kotun ba ta sauraren irin wannan ƙara sai mai ita ya fara kai ƙorafi a rubuce ga ofishin da ya ba shi aikin, cikin wa'adin da doka ta yanka. Babu ƙorafi a rubuce, wa'adi kuma ya wuce. Malam ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ai kullum ina can." Lauyan gwamnati ya ce lallai kam, duk ofis an san shi, mutumin kirki, yana zuwa gaisuwa.

Na so in ce masa ai na faɗa maka, maganar ma ta zo bakina. Da na ga yadda ya koma ya zauna yana gyara hula, sai tausayinsa ya kama ni, na haɗiye. Ya raɗa mini, "Katakon fa? Me ya ce a kan katakon?" Na ce bai ce komai ba.

Muka fito muka tarar masu jiran shari'a sun cike bencin a gindin bishiya, har da wata ƙatuwar mata da buhunta. Malam ya tsaya yana kallonsu. Na ce ya tashe su mu tafi. Ya ce a'a, bai iya tayar da mutane suna zaune ba. Muka koma gida da igiya kawai.

Sauran bencinan an rabar wa masallatai da maƙwabta. Wancan kuwa yana nan a ƙofar kotu, rana da ruwa duk a kansa. Har yanzu in hanya ta bi da Malam ta wajen, sai ya tsayar da babur, ya je ya girgiza shi ya ji ko ƙafa ta fara motsi. In ya dawo gida ni kaɗai yake faɗa wa cewa ba ta fara ba.