Rumbun Baba a Kwarin Madaci

Minna, da asuba

Tun kafin a yi kiran sallar farko a masallacin unguwarmu na je tashin Baba, ashe ya riga ni. Na same shi a bakin gado ya gama ɗaure takalmi, ga tsohon akwatinsa na ƙarfe na zamanin soja a gabansa. Na ce, "Baba, kwana uku fa za mu yi, ba ƙaura ba." Ya ce shi bai saba tafiya da rabin kaya ba. Na ƙyale shi, don gardama da tsohon saje da asuba neman ciwon kai ne.

Sunana Ladi, ina sayar da atamfa a Minna, kuma tun rasuwar Mama a wajena Baba yake zaune. Garinsu Kwarin Madaci ne, wani ƙaramin garin manoma a bayan duwatsun Zuru. Ƙanensa ne ke riƙe da gidan da gonar tun da Baba ya shiga soja, to bara Allah ya yi masa rasuwa, bai bar kowa a garin ba. Sai ga waya daga mai gari: idan kakar bana ta wuce ba a zuba hatsi a rumbun gidanmu ba, za a cire gidan daga cikin gidajen gari, a ba wasu gonar. Yayyena maza biyu, ɗaya yana Legas, ɗaya yana bakin aiki a barikin Maiduguri, kowa ya ce "a yi haƙuri." Na ce ku riƙe haƙurinku, ni Ladi ina da rai ba za a goge sunan ubana ba.

Zungeru, Tegina, Kwantagora

Motar haya muka shiga, na biya kujeru biyu na gaba saboda gwiwar Baba. Mun wuce Zungeru gari na wayewa. A wani shingen sojoji bayan Tegina, wani kofur ya leƙo ya ce, "Baba, ina aka nufa?" Baba ya dubi fuskarsa ya amsa masa da C'lela, harshen mutanenmu da Hausawa ke kira Dakarci. Kofur ya ƙame ya sara masa, har ya manta bai duba but ɗin motar ba.

Direba ya ce, "Hajiya, da kullum da tsohon nan nake tafiya, ai da na yi gida da kuɗin da nake bayarwa a shinge."

Na ce, "Ni ba Hajiya ba ce, amma ka ci gaba da faɗi, ba na jin haushi."

Baba ya ce haka abin yake ko'ina. Duk shingen da ka tsaya a ƙasar nan, ka yi gaisuwa da harshenmu, da wuya ka rasa mai amsawa. Mutanen Kwarin Madaci da ke bariki sun fi waɗanda ke kwana a cikinsa yawa.

A Kwantagora muka ci tuwon shinkafa da miyar kuka, muka sauya mota. Hanyar Rijau kuwa, wayyo bayana! Rami na sallamarka, rami na karɓarka. Baba ko a jikinsa, sai nuna mini gonakin dawa yake yi ta taga yana faɗin wadda ta yi kyau da wadda aka makara da shuka, kamar nasa ne. Muka wuce Dirin Daji, muka shiga Zuru da la'asar sakaliya, muka sauka gidan wata 'yar ƙanwar Mama.

Zuru

Da safe na shiga kasuwa da ƙarfina. Hatsi suke so a rumbu, ko ba haka ba? Na zaɓi jar dawa mai kyau, na sa hannu har ƙasan buhu don kada a yi mini wayo, na sayi buhu biyu. Da na dawo Baba ya dubi buhunan, ya dube ni, ya ce, "Sannu da ƙoƙari." Na ɗauka yabo ne.

Babura uku muka ɗauka: ɗaya Baba, ɗaya ni da akwati, ɗaya dawa. Hanyar ta bi ta gindin duwatsu, ta haura, sannan ta gangara. Daga kan gangaren Baba ya sa aka tsaya. Ga kwarin nan shimfiɗe a ƙasa, rafi ya ratsa tsakiyarsa, dawa ta nuna ta yi jawur ta ko'ina. Gaskiya ban san garin ubana yana da kyau haka ba, rabona da shi tun ina goye.

Ya nuna mini wani dutse mai faɗin kai ya ce can ne garin na asali. Kakanninmu a sama suke zaune saboda mahara masu dawakai, da rana su sauko su yi noma, kafin magariba su hau da ruwa a ka. Kaburburansu na nan har yau da tukwane a kai. Da ƙasa ta lafa aka fara saukowa, gida bayan gida, kuma kakansa na cikin waɗanda suka fara kwana a ƙasa. Ya ce a gonar da muke zuwa dominta ubansa ya mutu yana noma, shi kuma a gonar surukai ya yi shekarunsa na golmo, wato noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinya kafin a ba shi ita. Na ce, "Ashe da tsada aka samo Mama." Ya ce, "Kuma ban yi asara ba."

Kwarin Madaci

Mai gari tsoho ne siriri, sa'an Baba, tare suka yi kokawa suna samari. Suka rungume juna suna zagin juna da harshensu. Bayan an sha kunu na tambaye shi yawan mutanen garin, don ni 'yar kasuwa ce, ina son in san abin da nake ciki.

Ya ce, "Ɗiyata, mu nan ba mu ƙirga kawuna. Kai yau yana nan, gobe yana Fatakwal. Rumbu muke dubawa. Taso ki gani."

Ya zaga da ni. Unguwar farko ta waɗanda suka sauko daga dutse ce, ga coci a tsakiya. Gaba kaɗan unguwar Hausawa, jikokin fataken da suka zo sayen dawa suka zauna, ga masallacinsu. A bakin rafi rugar Fulani. Duk rumbun da ya ga sabuwar jinka a kai sai ya kira sunan mai gidan, ko da mutumin ya shekara ashirin a bariki. Wanda jinkarsa ta zube sai ya wuce bai kira sunan kowa ba, kuma irin waɗannan sun fi yadda na zata. Can ƙarshen gari kuma bukkoki ne na kara da leda, yara birjik, babu rumbu ko ɗaya. Ya ce mutanen da 'yan bindiga suka koro ne daga ƙauyukan wajen Wasagu. "Su ga hannu ba gona, ku ga gona ba hannu. Mi kike so in yi?"

Na ce ai magana ta ƙare, na sa aka sauke buhunana a gabansa. Ya kwance bakin ɗaya, ya ɗebo, ya watsa wa kaji.

"Ta kasuwa ce."

Na ce, "Dawa ai dawa ce, ranka ya daɗe!"

Ya ce a'a. Abin da ake zubawa a rumbu zangarniya ce da aka yanko daga gonar gidan, kuma sai an ga hayaƙi na tashi a gidan. In da ta kasuwa tana yi, ai da 'yan bariki sun aiko da kuɗi sun riƙe kwarin nan kaf, ciyawa ta cinye shi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na juya wajen Baba na ce, "Kuma ka sani, ka bar ni na sha wahala?" Ya ce, "Wa ya isa ya hana ki abin da kika sa kai?"

Matsalar ita ce gonarmu an noma ta bana, amma ba mu muka noma ba. Mai gari ya ba wani daga cikin 'yan gudun hijirar aronta, Malam Sani, mai 'ya'ya bakwai. Idan aka cire gidanmu, gonar tasa ce har abada. Wato hatsin da zai cece mu yana hannun mutumin da faɗuwarmu za ta yi wa rana. Na ce a kai ni wajensa in saya ko nawa ne. Baba ya daka mini tsawa irin wadda rabona da ji tun ina 'yar firamare: "Ladi, mayar da jakarki!"

Da yamma muna tsakar gidan, ina share ganye ina ƙunƙuni, sai ga sallama. Wani dogon mutum ne da damin dawa a ka, ya sauke a gindin rumbu ya durƙusa.

Ya ce, "Baba, an ce ka iso lahiya. Ni an kore ni daga gidan ubana, na san yadda abin yake. Ba za a kori wani ta hannuna ba."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa tsintsiya. Baba ya dubi damin, ya dubi rumbu. Sannan ya ce, "Malam Sani, ni gwiwata ta mutu, ba zan iya da gonar nan ba. Ka noma daga rafi zuwa madacin nan naka ne, na sama mu yi tare. Ni zan zauna in hura wutar."

Na ce, "Ka zauna ina?"

"A gidana."

Sai a lokacin na gane abin da ya sa aka ɗauko akwatin ƙarfe. Na yi faɗa, na kawo maganar hawan jininsa, na kawo maganar 'yan bindiga, na ce jikokinsa fa? Ya bar ni na gama tas. Ya ce, "Kin kawo ni, kin yi abin da mazan ba su yi ba. Amma suna ba ya zama a gari sai da mutum." Washegari matasan unguwar coci da na bukkoki suka taru suka yi wa rumbu sabuwar jinka, Baba da hannunsa ya jefa zangarniyar farko. Mai gari ya tsaya a ƙofa ya kira sunan Baba da na ubansa da ƙarfi, yadda kowa zai ji.

Komowa

Na bar wa matar Malam Sani buhunan da sharaɗin tuwon Baba kada ya yi gishiri, na rubuta mata lokutan maganinsa a jikin kwali. Babur ɗaya ya ishe ni fita. Ban waiwaya ba sai a kan gangare, na hango hayaƙi siriri daga gidanmu. Daga Rijau har Kwantagora kuka nake yi, wata mata a gefena tana ta ba ni haƙuri, ta ɗauka rasuwa aka yi mini.

Na iso Minna ana kiran isha'i, yara suka fito da gudu suna leƙen bayana. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da ni lafiya, na gode wa mai gari, na gode wa Malam Sani wanda ban san da me zan sāka masa ba. Abin da na je yi na yi shi: gidanmu yana cikin gidajen Kwarin Madaci. Nawa gidan ne ya ragu da mutum ɗaya, kuma wanda ya fi kowa cika shi.