Mai askin da ke gudun atishawa

Shekara ashirin da biyu ya yi yana aski a shagonsa mai kujera ɗaya da madubi mai tsagewa a gefe, yana cika baki cewa shi bai san hanyar asibiti ba. Sai ga ƙodojinsa biyu sun ajiye aiki ba ko sallama. Ƙanwarsa, malamar firamare, ita ta ba shi tata guda, aka dasa masa.

Ranar da za a sallame shi daga asibiti likita ya ja masa kunne: jiki kallon baƙuwa yake yi wa wannan ƙodar, magungunan da zai riƙa sha kullum su ke lallashinsa ya ƙyale ta. Mura ma kaɗai tana iya harzuƙa jikin ya far mata. Tun daga nan ƙato guda ya koma mai tsoron atishawa. Takunkumi a fuska, taga a buɗe, wanda ake yi wa aski ya gyara murya kawai sai gogan ya tsinci kansa a bakin ƙofa da almakashi a hannu. Da bakinsa yake ba da labarin: "Ni da nake ɗora reza a maƙogwaron maza, yau majina ke korata!"

Amma ranar da tsohon maigidansa, wanda ya koya masa riƙon aska, ya shigo yana jan hanci ya ce a gyara masa gemu, sai ya zaunar da shi a kujera. Ta ina zai ce wa dattijo ya koma? Har takunkumin ya sauke, wai kada ya zama raini. Bayan kwana uku mura ta kama shi. Don tsabar wayo ya ce wa matarsa ƙurar gashi ce. Sai da fitsari ya ragu, ƙafafu suka kumbura, aka kwashe shi ranga-ranga zuwa asibiti.

Kwana tara ya yi a kwance kafin likitoci su shawo kan abin, da ƙyar. Da ƙanwar ta shigo, tsoro da kunya suka rufe shi, sai ya ɓuge da barkwanci: "Zo ki ga jarumin yayanki, gemu ya kayar da shi."

Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye jakarta a bakin gado.

"Yaya, ka ji nauyin maigidanka, ka kyauta. Ni da aka yanka fa, ba ka ji nawa ba? In wannan ta tafi, ba ni da wata da zan ba ka."