Tauloto, Mai Tsaron Raga a Kan Kwalta

Da sassafe yayana Tauloto Penieli yake tura kwalekwalensa cikin teku, kafin hantsi ya dawo da kifi. Da la'asar kuma, in dai babu jirgin da zai sauka, za ka same shi a kan kwaltar filin jirgin saman tsibirinmu Funafuti yana jan ƙarafan raga, don a nan samarinmu suke buga ƙwallo. Tun ina goyon ɗan farina yake tsaron ragar nan, ga shi yau ɗan nawa har ya yi gemu.

Kowa a tsibirin nan yana son ya ci ƙwallo a yi masa tafi, amma babu mai son faɗuwa a kan kwalta. Shi kaɗai yake faɗuwa. Waɗanda suka je gasar tsibirai tare da shi sun ce an yi mana cin kaca, amma da ba don shi ba da kunyar ta fi haka, har 'yan wasan da suka ci mu suka ɗaga shi a kafaɗa. Wani koci ya roƙe shi ya zauna can, ga filin ciyawa mai laushi. Me ya ce? "To wa zai tsaya a tamu ragar?" Ya tattara ya dawo wa kwalta. Ni ban taɓa ganin taurin kai irin wannan ba!

Bana kafaɗarsa ta dama ta gaji. A gabana Malama Siniva ta asibiti ta ce masa, "Baban Meleane, ka sake faɗuwa a kan kafaɗar nan, ko cokali ba za ka ƙara ɗagawa ba."

"Sai in riƙa faɗuwa ta hagu," in ji shi.

"To ka bi masu bugowa ka roƙe su su riƙa bugowa hagu!"

Don ya haƙura muka shirya masa walimar ajiye wasa a zauren gari. Aka gasa alade, aka sa masa furanni a ka, dattawa suka yi ta jawabi. Da aka gama sai ya ajiye safar hannunsa a kan tabarma ya ce, "Duk wanda ya ɗauka, na bari daga yau."

Ƙattin samari, ciki cike da namanmu, kowa ya koma kallon rufi. Na zunguri Mataio, gwanin cin ƙwallonsu, ya ce, "Haba Gwaggo, ni fa ɗan gaba ne." Ɗan gaba a wajen akushi dai! Yaya ya jira, ya jira, sannan ya sunkuya ya ɗauki abarsa da hannun hagu. Wallahi kuka ya kusa ƙwace mini, don haushi.

Yaya, kai ne ka bar fatar gwiwarka a kwaltar nan. Kai ne mai kwashe raga da gudu idan jiniyar jirgi ta yi kuka, ka dawo da ita jirgi na tashi. Bangon Funafuti, mun gode, Allah ya saka maka. Amma ka sani ina fushi da kai, kuma ina tsoro.

Ku kuma samari, ku yi koyi da shi, ba da tafi ba, mun ƙoshi da tafi. Mutum ɗaya nake nema ya shiga ragar nan. Yau da safe matarsa ce ta zura masa hannu a riga, kuma da la'asar akwai wasa.