Waƙoƙi Tara na Gwaggo Tamba

Gwaggo Tamba ƙanwar mahaifinmu ce. A Gulma aka haife ta, a can ta yi aure, a can take har yau. Ni Ruƙayyatu da hannuna a abin da ya same ta, don haka zan faɗe shi yadda ya faru, mai jin haushi ya ji.

Tun tana budurwa ita ke ba da waƙa in mata sun fita aikin shinkafa a fadama. Akwai ta dashe, akwai ta korar tsuntsaye, akwai ta yanka. Mai zafin ita ce ta bugu, don a nan mata ke kama sunayen mazan gari ɗaya bayan ɗaya, a faɗi wane rago ne, wane marowaci. Ƙa'idar kowa ya san ta: namiji ba ya matsowa masussuka, kuma abin da aka rera a can, can ake barinsa. Mazan ma sun san ana taɓa su, amma tunda ba su ji ba, ba a yi ba.

Bayan rasuwar mijinta ta sauke farali, ta dawo ta ajiye waƙa. Sai ta kama wankan gawa. Duk macen da ta rasu a Gulma, kafin a aika wa liman an aika wa Hajiya Tamba, don an yarda bakinta ba ya fitar da abin da idonta ya gani. Shekara goma sha biyu tana wannan aiki, shi ne mutuncinta.

A 2005 'yarta Nazifa, wadda ke aure a Jidda, ta haihu, kewar gida ta kama ta. Ta bugo mini waya tana kuka, wai muryar uwarta take so, irin ta fadama. Na ce sai a jira mai tafiya Umra a ba shi kaset. Ƙanena Abdussamadu, wanda Gwaggo ke kira Audu, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ma'aikaci a nan Birnin Kebbi, ya ce wannan tsohon yayi ne, shi zai tura ta imel.

Na ɗauko Gwaggo zuwa gidana. Da ƙyar ta yarda.

“Ɗiyata, na bar wagga harka tun da nid dawo Makka,” in ji ta. “Nazifa ɗai ka ji?”

“Ita kaɗai, Gwaggo.”

“To kira min Audu in ji daga bakinai.”

Ya zo ya durƙusa ya ce wallahi daga shi sai akwatin imel na Nazifa.

Da hantsi muka rufe ƙofa, na kunna rikoda. Tana buga gwiwa da tafin hannu, ni ina amshi, ta jera su yadda aikin yake tafiya. Da muka kai ta tara, ta bugu, na ce ko a bar ta? Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ai Nazifa na goye a bayanta sa'ad da ake yin ta, ita za ta fi so.

Kwana uku Abdussamadu yana zarya zuwa kafe, shagon intanet, don intanet ɗin ba ta ɗaukar waƙa fiye da ɗaya a lokaci guda. Ya rubuta sunayensu a jere, daga ɗaya zuwa tara, ya tura. Nazifa ta bugo tana godiya. Na ɗauka an gama.

Bayan wata biyu aka yi bikin kamun kifi a Argungu. Maƙwabciyata Ma'u ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta faɗo gidana.

“Ke Ruƙayya, yaushe Gwaggonki ta koma waƙa? Ga ta can a lasifika gaban rumfuna, ana ta dariya!”

Na tarar da Abdussamadu a ƙofar gidansa yana wanke babur.

“Wa ka ba?”

“Yaya, zauna mana.”

“Ban zo zama ba. Wa ka ba?”

Wai wani abokinsa ne mai shirya kiɗe-kiɗen gargajiya na wajen biki ya ce yana neman waƙoƙin da, shi kuma ya tura masa saƙon yadda yake. Har da yi mini bayani, wai tarihi ne, in tsohuwa ta faɗi ya tafi ke nan, wata rana za mu gode masa.

“Kai da ka rantse a gabanta? Ta taran fa, ka saurare ta?”

“Mutanen ai sun daɗe da rasuwa.”

“'Ya'yansu fa, su ma sun rasu?”

Ya ci gaba da goge taya.

A cikin waƙar akwai marigayi Riskuwa, wanda aka ce ya sayar da irin shuka ya sayi keke, iyali suka kwana da yunwa. Matarsa Laure ce aminiyar Gwaggo tun ƙuruciya, ita ce ma ta kawo wannan baitin da bakinta shekara arba'in da suka wuce. Amma 'ya'yansa maza ba su san haka ba. Abin da suka sani, suna tsaye cikin jama'a aka kira sunan ubansu, yara suka ɗauka suna rerawa har Gulma. Gari ya ɗauka da cewa wadda ta tona matattu a lasifika, me zai hana ta tona abin da ta gani a ɗakin wanka?

Laure ta so ta yi magana, 'ya'yanta suka ce ta yi shiru. Da damina ta faɗi ta kwanta ciwo, ranar wata Talata ta cika.

Na isa Gulma kafin azahar. Na sami Gwaggo zaune a kan tabarma da mayafinta, ga ganyen magarya da turare a ƙulle kusa da ita, tana jiran ɗan aike. Ban san yadda zan faɗa mata cewa na wuce ta ƙofar gidan rasuwar ba, na ga an shigar da wata mata daga wata unguwa ta yi wankan. Muna nan zaune muka ji salatin masu ɗaukar makara.

Ta saurara har suka yi nisa. Sannan ta kwance mayafin, ta ninke shi.

“Mun yi alkawali ni da ita,” ta ce, “wadda duk tar riga, gudar ta wanke ta.”

Na ce, “Gwaggo, ki yafe mini.”

“Ke na yahe miki. Audu kuwa, ki hwaɗa mai kar ya zo gaisuwa. Ran da nim mutu ma kar ya kama min makara.”

Na faɗa masa a gaban matarsa, kalma ɗaya ban rage ba. Ya ce tsufa ne, za ta huce. Shekara uku ke nan, ba ta huce ba, kuma ba a sake aiko mata daga kowane gida ba.