Ɗan Ƙwallo a Tashar Encarnación

Ña Eulalia na sayar da gurasar rogo a tashar motar Encarnación, a ƙasar Paraguay, amma yau hankalinta na kan wani baƙo a benci. Ɗan Japan ne, siriri, furfura ta soma fito masa. Gwiwarsa naɗe take da bandeji, ga sandar dogarawa a gefensa. Jakarsa cike take da tambarin kulob-kulob. Ta ayyana a ranta tun yana saurayi yake bin ƙwallo ƙasa-ƙasa.

"Gwani, ina ƙafar zinaren?" wani direba ya tsokane shi, sannan ya dubi Eulalia. "Kulob ɗinmu ya sallame shi, Ña Eulalia. Wa zai ɗauki gurgu?"

Baƙon bai gane ba, sai rusunawa yake yana murmushi.

Wayarsa ta yi ƙara. Kafin ya amsa, ya tura sandar ƙarƙashin benci, ya gyara gashinsa. Wata ƙaramar yarinya ce a wayar, tana ɗaga masa ƙwallo. Yana dariya, yana gyaɗa kai.

Eulalia na son yi masa sannu, amma da wane harshe? Da aka kashe wayar, ya sunkuya neman sandar. Hannunsa bai kai ba.